Magogin Goron Kaka

A tashar Jega, Haliru yana jiran motar Andarai rungume da kejin tsirya, sai wani dattijo ya leƙa ciki.

"Samari, an cuce ka! Bakinta a karye yake. Da mi za ta fasa dawa? Yunwa za ta kashe ta."

"Na gani, Baba. Magogin goron kakata na nan gida. Da haƙoranta suka zube, ni nike goga mata kullum, tana ba ni labari. Gyaɗa zan riƙa goga ma wagga."

"Tsohuwar fa?"

"Ta rasu bara. Tun sannan magogin na rataye."

Dattijon ya shafa dasashinsa da babu haƙori ko ɗaya.

"Allah shi jiƙan ta. Kai, tsiryar nan ta fi ni sa'a."