Na Hana 'Yata Ƙetarewa Wurin Kakarta

Assalamu alaikum mai gabatarwa da masu sauraro. Na gama ɗinkin tarun kamun kifina da safe, na zauna rubuto muku daga Yelwa.

'Yata Hadiza tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta tarihi da koyarwa. Sai ta kammala kundin bincike za ta samu digiri, ta nemi lasisin malanta. Ta zaɓi tarihin tsohon ƙauyenmu da tafki ya cinye. Mahaifiyata, Inna, ita kaɗai muka sani da ta rayu a cikinsa, tana zaune a ƙetaren tafkin, daura da Warra.

Da damina Hadiza ta shirya zuwa ɗaukar muryarta. Na duba littafin da nake rubuta yanayin ruwa kullum, na ce ba za ta shiga kwalekwale ba sai iska ta kwanta. Inna ta kira ni ta ce, "Kai da littafinka. Bari yarinya ta taho, ni na tsufa da jira." Na yi dariya. Bayan mako uku Inna ta rasu, Hadiza ba ta je ba.

Na bincika littattafaina kaf. Akwai iska, akwai kifi, babu kalma ɗaya daga bakin Inna. Hadiza ba ta zarge ni ba, amma ta daina kirana. Ban sani ba ko kare ta na yi ko cutar da ita.

Dattawan Ngaski da Shanga da suka ga tashin ƙauyukan da tafkin ya cinye, don Allah ku sanar da mu ta wannan shiri. Gobe ya rage mini in tambayi sarkin ruwa labarin ƙauyen, in buɗe akwatin Inna, in kira Hadiza idan na samu abin faɗa mata.