Kawaicin Innarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza, daga wani ƙauye a gefen Bunkure.

Na ji kuna ta yabon kawaici, raina ya ɓaci. Kakarmu takan ce asalinsa kawar da kai ne: ka gani, ka yi kamar ba ka gani ba. To ku ji abin da ya jawo mana.

Yaya Sabi'u ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Bara ya dawo daga feshin magani a gonar shinkafa yana amai, idanunsa jajur. Inna ta gani sarai, amma surukarta, wato kakarmu, na tsakar gida. Sai ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ki kai wa wancan nono." Shi kuma ya ce, "Ba komai, rana ce."

Ba wanda ya ambaci asibiti sai da ya faɗi. A hanyar Kura ya cika.

Ranar na fara jin sunansa a bakin Inna. Tana kira, ba ya amsawa.

Don Allah malamai su faɗa mana, a ina kawaici ya kamata ya tsaya?