Yadda Kalangun Baba Ya Shiga Kwamfuta

Naira ɗari shida na bar gida da ita, kuɗin akuyar Inna, ta ƙulle min a bakin tsumma har ƙulli uku kamar za su tsere. Kai Sagiru, ajiye wayar nan tukuna. Kiɗan da kake haɗawa a cikinta ba zai huce ba, kuma labarin nan na kakanka ne.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, kowa na cewa Kano ta buɗe. Baba bai ba ni ko sisi ba. Makaɗin mahauta ne, kun sani, amma a lokacin ciwo ya riga ya shanye masa ɓarin hagu. Shi kuwa kalangu, hannun dama ke duka, hammatar hagu ke matse tsarkiya ta sa shi magana. Ba hammata, ba magana. Sai ya nuna min kalangun da haɓa ya ce, "Ɗauki. Na gada, ka gada. Kada ka bari ya yi shiru, kuma ka dawo min da shi in ji muryarsa kafin in tafi."

Na kama ɗaki a Rijiyar Lemo, gidan Hajiya Yagana, wata Babarbariya da ta fi shekara arba'in a Kano amma har yau turaren wutarta na Borno ne. Kwana ɗaya da zuwana na ɗan taɓa kalangu da hantsi, sai ga ta a bakin ƙofa.

"Suna ake yi a gidana ban sani ba?"

"Hajiya, hannu nake motsawa."

"To motsa shi a kan tsintsiya. Gidana ba mahauta ba ce."

Ta gama faɗanta ta aiko min da tuwo. Haka take, baki wuta, ciki ruwa.

Wata uku ina dako tsakanin tashar jirgin ƙasa da Kasuwar Sabon Gari, in na samu sarari in zaga wajen mahauta in kaɗa musu. A nan Oga Chuks ya tsince ni. Ibo ne, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Ya tsaya da ledar namansa ya ce, "Malam, wannan abin naka magana yake yi. Biyo ni situdiyo."

Situdiyo! Na zaci wani gari ne. Ashe ɗaki ne da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Na ce, "Oga, kaji kake kiwo?" Ga kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, ga wani abu mai wutsiya wai shi ɓera, ga fiyano an haɗa su da waya. Ya danna nan, sarewa ta yi kuka. Ya danna can, goge ya amsa, sannan ganguna irin na Indiya. Wallahi sai da na leƙa ƙarƙashin tebur ina neman makaɗan. Ku yi dariya, ku da aka haifa da abin a aljihu. Ranar da ya ce zai ƙara min "riba" har godiya na yi, na zaci albashi ne. Ashe wani amo ne da ke sa murya ta zama kamar an yi ihu a cikin rijiya.

Lokacin waƙoƙin fim na tashe, kowa yana son kiɗan gida amma ba mai son ɗaukar makaɗa. Shi Oga so yake ya zuba kalanguna cikin kwamfuta. Na riƙa duka ɗai-ɗai yana kamawa, wai shi sampul, kowane duka ya ba shi gurbinsa a fiyano. Da ya gama ya kaɗa min yana washe baki.

Na ce, "Oga, wannan bebe ne."

"Wane irin bebe? Na jera dukan daidai da awo. Kwamfuta ba ta kuskure."

"Shi ya sa ba ta iya kiɗa ba."

Ya ce in fita masa daga shago. Na fita. Bayan kwana biyu sai ga shi a kan acaɓa har ƙofar gidanmu. Ya ce in nuna masa inda maganar take. Na kama hannunsa na cusa a hammatata, ina matsa ina saki yana jin yadda tsarkiya ke ɗaurewa. Hajiya ta leƙo ta gan mu a haka, ta yi salati ta koma. Wata biyu muka yi muna fama, har ya ɗora matsin nan a kan wata 'yar ƙafa mai juyawa kamar ta keke da ke gefen fiyano: ka murza sama murya ta hau, ka saki ta sauko. Ranar da na'urar ta fara faɗin take, wato kiɗan da ake yi wa mutum shi kaɗai, ni da shi muka rungume juna kamar an yi mana haihuwa.

Daga nan ne na lalace. Na iya ɓera, na iya yanka sauti da liƙawa, mawaƙa suka fara kirana injiniya, na sayi tabarau ba ciwon ido. Wa zai yi gumi da hammata alhali yatsa ya isa? Na cusa kalangu a buhu na jefa bayan ƙofa, inda rufi ke ɗiga. Damina biyu ban buɗe shi ba.

Sai saƙo ya zo daga gida: jikin Baba ya tsananta, yana tambayar kalangu. Na buɗe buhu, ƙasa ta zubo. Gara ta cinye icen, fata ta ruɓe, tsarkiya ce kawai ta rage kamar tsohuwar raga. Na zauna daɓas na yi kuka irin na yara. Hajiya ta shigo ta duba ta ce, "Na hana ka kaɗawa a gidana, ban ce ka binne shi ba, ɗan nan." Ita ma ta share ido da gefen mayafi.

Na gaya wa Oga zan sayi wani in shafa masa mai ya yi kamar tsoho. Ya cire tabaransa na gaske ya dube ni. "Tsohon da ya yi shekara hamsin da murya a hammatarsa za ka yaudara? Rufe shago." Ranar Asabar ce, ranar da muka fi ciniki. Ya loda kwamfuta da fiyano da ƙaramin janareta a motarsa, muka ɗauki hanya.

Na durƙusa gaban Baba na faɗi gaskiya duka. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Juya fuska kawai ya yi ga bango. Oga ya kai janareta bayan rumbu, ya ja waya har ɗaki, ya danna gurbi ɗaya.

Baba ya waiwayo. "Wa ya taɓa min kalangu?"

Muka tayar da shi zaune, muka ɗora masa fiyano a cinya. Ya lalubi dukan da yatsun dama, ɗaya, biyu, har ya gane mazauninsu. Ni kuma na zauna a hagunsa, wajen da ya mutu, na kama 'yar ƙafar nan. Yana duka ina matsawa. Taken Sarkin Fawan garinmu ya ɗauko, wanda rabon a ji shi tun kafin ciwo. Ba mu kai ƙarshe ba sai ga Sarkin Fawan da kansa ya faɗo gidan daga kasuwa, wuƙa a hannu, yana kirari. Inna ta rangaɗa guɗa tana kuka. Oga Chuks ya fita waje wai zai duba man janareta.

Baba ya tsaya, hawaye har gemu. Na sunkuyar da kai ina jiran ko gafara ko tsinuwa. Sai ya ce, "Ka matse da yawa. Tun kana yaro hammatarka ba ta da kunne. Sassauta, mu sake."

Muka sake har la'asar. Bayan kaka ya rasu.

Ban dawo masa da kalangu ba, kuma har gobe in na tuna buhun nan kunya nake ji. Muryar kawai na dawo da ita. Ita ce na tura maka a wayarka bara, Sagiru, wadda kake sa wa waƙoƙinka kana cewa "kalangu na ɗaya". Jiya ina jin ka ta taga. Miƙo nan in nuna maka, ka matse da yawa.