Ƙanena Yana Jepara

A tashar motar Semarang ta ƙasar Indonesiya, wata budurwa mai malfa ta zauna kusa da wani tsoho, ana jiran motar Jepara ta cika.

"Baba, ka san Jepara? Hutu zan je, in ga teku da tsohuwar ganuwar Turawa."

"A can aka yanke cibiyata, 'yata. Ganuwa ai duwatsu ce. Ki je bakin ruwa lokacin da masunta ke dawowa. Ƙamshin gasasshen kifi zai mantar da ke hanyar gida."

"Ashe tare za mu tafi."

"A'a, ni iska nake sha a nan."

"Iska? Cikin wannan hayaƙin?"

Tsohon ya yi dariya.

"Shekara talatin da huɗu rabona da garin. Faɗa muka yi da ƙanena Wagiman a kan jirgin mahaifinmu, na rantse ba zan koma ba."

"Haba Baba, ai rantsuwa tana da kaffara! Ga kujera kusa da tawa."

"In na je ya kau da kai fa?"

"In kuma jiranka yake yi fa?"

Direba ya danna oda. Budurwar ta ɗauki jakarta.

"'Yata, an ce yana sayar da kifi a bayan masallacin kasuwa. Yana ɗan ɗingishi. Kada ki ce kin gan ni."

"To me zan yi?"

"Ki duba mini ko ya yi furfura. Duk ranar da kika dawo, ina nan."