Ɗan Mai Ɗori

A kan bencin tasha, wani dattijo ya leƙa littafin da wata malamar makaranta take dubawa.

"'Yata, ba aljabra ke nan ba? Ita ta raba ni da ɗana. Ɗori muka gada kaka da kakanni, shi kuwa ya ƙi, ya tafi koyar da wannan lissafin. Shekara uku ke nan ba ma magana."

"Baba, ai kalmar aro ce Turawa suka ɗauko daga Larabci. Asalinta aljabru, wato haɗa abin da ya karye. Har ɗorin ƙashi haka ake kiransa."

"Ɗori fa kika ce?"

"Ɗori, Baba."

Dattijon ya ciro waya daga aljihu.

"Ban iya latsa abin nan ba. Nemo mini lambar ɗana."