Gwangwanin Madara Bai Wanke Ƙirjin Haladu Ba

Assalamu alaikum. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu ta kafintoci, Hajiya Maimunatu matar marigayi, ɗansa Badruddeen, 'yan uwa da abokan sana'a daga Rikkos da Gada Biyu, ina gaishe ku da zuwa.

Ni ne Nura, shagona na jikin na Malam Haladu, shi ya sa aka ce in yi magana. An roƙe ni in taƙaita, in kuma sanyaya zukata. Taƙaitawa zan yi. Na biyun kam ban yi alkawari ba, domin Badruddeen ya riga ya koma aiki a ɗakin da ya cinye huhun mahaifinsa.

Malam Haladu ya kasance gwanin liƙa fomaika, wato shimfiɗar nan mai sheƙi da ake rufe fuskar katako da ita. Katakon nan na garin itace da aka matse, wanda ruwa kaɗan ke kumbura shi, idan ya bi ta hannun Haladu sai ya zama wadirob ko kabad ɗin kicin da za ka duba fuskarka a jiki. Ya kasance yana liƙe gaba da baya, har gefen da ke jingine da bango, don ya san danshin damunar Jos. Ya kasance mai koyarwa kyauta. Rabin matasan da ke zaune a nan shi ya nuna musu yadda ake barin gam ya sha iska kafin a haɗa.

To, mun san yadda muke yi a wannan mataki. Idan aka shafa gam, ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a kai, sai ta fito kamar ƙurji a ƙarƙashin fomaika. Don haka sai a rufe ƙofa, a toshe taga da kwali, mutum ya zauna ciki yana shaƙar wari da garin katako. Haladu ya fi kowa tsabtar aiki, saboda haka ya fi kowa toshewa. Idan ya fito idonsa ja, yana layi, sai a miƙa masa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Jama'a, madara ciki take zuwa! Wace hanya ta bi ta shiga huhu?

Oga Ignatius, mai sayar mana da katako, ga shi can zaune, ya taɓa kawo masa takunkumin hanci mai mataci. Ya ce, "Oga Haladu, wannan gam ba aboki ba ne o. Abeg, ka sa wannan." Haladu ya sa. Kafin azahar layin nan ya cika da dariya, ana kiransa Likita, ana tambayarsa ko tiyata zai yi wa kabad. Mutum mai kunya, sai ya cire ya rataye a ƙusa.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne, yana kwance a asibiti, numfashi na yi masa gardama, masu dariyar nan suka zo dubiya da katan ɗin madara. Yau ma na ga wasunsu a sahun gaba, sun sha farar shadda, suna girgiza kai suna cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma kwalin da ke tagar shagonsa hannun mutum ne ya sa shi, kuma har yanzu yana nan.

Badruddeen, ɗana, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin tarin da kake yi idan ka rufe ƙofa. Na san wannan tari, na saurare shi shekara da shekaru daga ƙirjin wani.

Hajiya, ki yi haƙuri, a gaban jama'a nake roƙonki: ki karɓi makullin shagon nan yau, ki ƙulle a bakin zanenki. Kada ki ba shi sai an fasa bango an sa fanka mai zuƙe iska, sai ya je an ɗauki hoton ƙirjinsa. Masu jiran kabad su jira. Wanda ya kira yaron nan Likita don ya sa takunkumi, da ni zai gamu.

Na gode da sauraro, har da waɗanda suka sunkuyar da kai. Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, Hajiya Maimunatu ta binne miji; kada Ka sa ta binne ɗa. Amin.