Keke Bisa Mota da Ruwan Bayan Kagoro

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, mai unguwarmu, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da malaman da ke gefensa, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata da ke can bayan rumfa. Direbobi da 'yan tireda da suka rufe sana'a suka zo. Samarin Badarawa da baƙinmu na Unguwar Dosa. Sai ku matafiya, masu hular kwano, ina yi muku barka da sauka.

Ina godiya da aka ba ni wannan abin magana. An ce in taƙaita, ni kuwa ban yi alkawari ba. Wanda bai san ni ba, ni ne Ila mai koli. Ban yi boko ba, abin da na sani a ƙafa na tattaro shi, tun ina saurayi nake tallar madubi da allura a kan keke, daga nan har ƙauyukan kudu.

An tara mu ne a kan magana guda. Yaran nan sun yi mako suna yawon duwatsu da kekuna, Sharhabil ɗan Saratu ya dawo da hannu a ɗaure, iyaye suka ce a hana tafiyar baɗi. Yau mai unguwa zai yanke. Kafin ya yanke, ina da abubuwan da suka ɗaure mini kai.

Na farko, ranar da za su tashi na fito na ga kekuna a ɗaure bisa rufin bas. Na ce wa jagoransu, "Zaharaddeen, kekunan ba su da lafiya ne?" Ya ce, "Baba, lafiyarsu ƙalau, sai mun isa gindin dutse mu sauke su." Na ce ikon Allah, abin hawa ya sami abin hawa! Ya nuna mini taya mai kauri kamar ta babur, ya nuna mini giya jere a baya, wai ta hawa daban, ta gangara daban. Ni keken da na yi zamani da shi giyarsa guda ce, ita ce cinyata. Duk da haka na ce in sun dawo su ba ni labari kaf, kada su rage.

Na biyu, sun kuwa ba ni. Sun ce wajen Kajuru dutse ne sumul kamar bayan ƙwarya, taya na kama shi tana saki. Sun ce gaban Kachia yashi ya cinye musu ƙarfi, daga nan laka ta karɓe su a fadama har ɗayansu, Auwal, ya bar takalmi guda a ciki. Sun ce sun saɓa kekunan a kafaɗa sun tsallake rafi, sun hau jar ƙasa mai tsakuwa har numfashi ya ƙare. Ina ji ina gyaɗa kai, domin duk na san wuraren nan. Sai na ce, "To, su wa kuka gaisa da su?" Ba su kawo sunan mutum ko ɗaya ba. Jama'a, ko ɗaya!

Na uku, kuma nan ne maganar take. A zamaninmu mai keke ba ya shiga ƙauye a kan sirdi. Daga ka hango rumbun farko sai ka sauka, ka tura, ka yi sallama. Ba don tsoro ba, don hanyar ƙauye tsakar gidan mutane ce: akuya na kwance, yaro na rarrafe, tsohuwa na shanya. Su kuwa yaranmu sun gangaro daga dutse bayan Kagoro suka faɗa ƙauyen mutane a guje, Sharhabil ya kauce wa tabarmar shanyar citta, ya sha ƙasa. Dutse bai karya shi ba, Saratu, ki ji da kyau. Rashin sauka ne ya karya shi. Kuma mutanen da bai yi wa sallama ba su suka kira maɗori, su suka shimfiɗa masa tabarma.

Yanzu ku saurara. Suna zaune a ƙasa, sai mai cittar ta kawo musu ruwa a ƙwarya. Auwal ya ce mini, "Baba, sanyinsa har haƙori, sai ka ce daga firji." Ta ce musu daga cikin dutse yake fitowa, can sama. Jama'ar Badarawa, shekara nawa ina gaya muku akwai wani idon ruwa a bayan Kagoro, ƙarƙashin ɓaure, da ba ya ƙafewa ko da bazara? Shekara nawa kuna cewa Ila ya fara tatsuniyarsa? Ga Shu'aibu direba can yana sunkuyar da kai, shi ne shugaban masu dariya. Na ce wa Auwal, "Akwai ɓaure a wurin?" Ya ce bai tambaya ba. "Dutsen a tsage yake kamar an sara da gatari?" Bai tambaya ba. Sun sha ruwa, sun yi hoton ƙwaryar da waya, ba wanda ya ce, "Iya, nuna mana." Shin shi ne, ko wani ne? Ɓauren na nan, ko an sare? Tun ranar nake juya abin, ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Na san tsoron iyaye ba wasa ba ne, hanya sai addu'a a zamanin nan. Amma ba a fasa noma don tsuntsu. A bar su su koma baɗi, bisa sharaɗi: duk ƙauyen da suka hango, su sauka su tura. Kuma tunda keke ma ya sami wurin zama a mota, ni ma a ba ni kujerar gaba. Su hau dutsensu, ni a sauke ni wajen mai citta, ina da tambaya. In kun hana su, ku sani ba su kuka hana ba, su suna da shekaru a gaba. Ni kuka hana.

Allah ya ba Sharhabil lafiya, ya sanyaya zuciyar uwarsa. Allah ya saka wa mutanen ƙauyen nan da alheri. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma Allah ya ara mini kwana in ga ɓauren nan da idona, Shu'aibu na tsaye a gefena.

Na gode.